Ɗan Sa-ido a Kan Teburina

A cikin kwalin taliya ƙanwata ta kawo shi. Ta lulluɓe kwalin da leda saboda yayyafin da ake yi, ta sauko daga acaɓa tana rungume da shi, tana ta ce wa ɗan acaɓan ya bi a hankali alhali bawan Allah ya riga ya tsaya. Ina zaune a shagona na buga takardu a Kazaure, na ɗaure ƙuguna tamau da tsohon ɗankwali saboda ciwon baya, ina hangenta ta ƙofa. Ko gaisawa ba mu gama ba ta ture takardun mutane gefe, ta ɗora kwalin a kan teburina, ta ce in rufe ido. Na ce mata ni ba sa'arta ba ce, kuma ga aiki jibge a gabana. Duk da haka na rufe.

Da na buɗe sai na ga wani ɗan abu tsaye kusa da kwamfutata, tsayinsa bai wuce na fulas ɗin shayi ba. Jikinsa na bututun roba ne, gaɓa-gaɓa, kansa kuwa wani murfi ne mai zagaye da ta liƙa wa ƙananan fitilu biyu a matsayin idanu, da ɗan ɗigon gilashi a goshi. Ta yi masa riga da ƙyallen atamfar da muka yi anko da ita a bikin wata 'yar'uwarmu a Roni, irin ɗinkin wadda ba ta taɓa riƙe allura da zuciya ɗaya ba. Ta danna wani abu a bayansa. Idanun suka kawo kore, ya ɗan girgiza kai, ya miƙe tsaf yana kallona. Wallahi sai da na ja kujerata baya.

Mutum-mutumi ne, in ji ta, kuma shi ne aikinta na kammala karatun kwamfuta da ta daɗe tana ɓoye mini. Ɗigon da ke goshinsa kyamara ce, aikinta kallon kai da kafaɗun wanda ke zaune a kujerata. Idan na miƙe, shi ma ya miƙe. Idan na ranƙwafa, ya ranƙwafa. Na ce mata ba na son abin da zai dinga ɗaukar hotona yana aikawa duniya, ta rantse ba ya ajiye komai, ba ya aika komai, gani kawai yake yi ya manta. Ta ce in gwada. Na saki kafaɗuna na tura haɓa wajen kwamfuta yadda na saba, sai na ji wata 'yar ƙara kamar ta sauro, na ga ɗan abin nan yana lanƙwashewa a hankali, gaɓa bayan gaɓa, idanunsa suna komawa rawaya, har kansa ya kusa taɓa tebur. Na zabura na miƙe, shi ma ya taso yana rawar kai. Dariyar da na yi ranar har bayana sai da ya amsa, amma ban daina ba. Na yi ta ranƙwafawa ina miƙewa kamar yarinyar da aka saya wa sabon abin wasa, ɗalibai suna jiran takardunsu a kan benci suna kallon ikon Allah.

Sai in faɗi abin da ya sa na yi wannan murnar, don ba wasa ne kawai ba.

Shekaru na yi ina buga takardu a wannan shagon. Ni na kafa shi, daga kwamfuta ɗaya da firinta mai tari, har na samu injin fotokwafi da sola. Ɗalibai suna kawo aikinsu, masu biki suna kawo katin gayyata, 'yan kasuwa daga Ɓaɓura suna tsayawa a buga musu abin da za su liƙa a shagunansu. Ina son aikin nan so na gaske. Ina son ƙarar maɓallai, ina son in ga mutum ya shigo da rubutu kamar tsagar kaza ya fita da takarda fes yana jujjuya ta. Amma tun da na koyi aikin a duƙe nake yinsa, hanci a gaban gilashi, baya a gantsare ta inda bai kamata ba. Ciwon ya fara daga wuya, ya sauko kafaɗa, ya zo ya tare a ƙugu. A sashen gashin ƙashi na asibiti aka ce mini zamana ne matsalar, aka nuna mini yadda zan zauna, aka ce in dinga tashi ina taka ƙafa. Na ce to. Ina komawa shago na zauna daidai har na gama shafi guda, daga nan jikina ya koma gidansa na da. Ƙanwata ta sa mini ƙararrawa a waya, na kashe. Ta liƙa mini takarda a bango, na daina ganinta.

Abin ya kai na fara sallah a zaune, don ruku'u ya gagare ni. Maigidana, malamin firamare ne a wajen 'Yankwashi, ya dawo wata rana da la'asar ya same ni a kan kujera ina sallah. Shi dama ba mai yawan magana ba ne, amma da ya je Gwiwa gaishe da mahaifinsa ya faɗa masa. Saƙon da ya dawo da shi gajere ne. Baba ya ce a rufe shagon. Maigidana ya roƙe shi a ba ni lokaci tun da ina zuwa asibiti, Baba ya ce to, zai zo da kansa ya gani bayan an gama noman farko. A gidansu maganar Baba ba ta da ta biyu. Ni kuwa na ƙulle abin a raina, na ɗauka tsohon dai ba ya son ganin matar ɗansa a bakin titi tana hulɗa da jama'a, ciwon baya hujja ce kawai ta faɗo masa. Na yi kuka, na yi fushi, na huce a kan firinta.

A cikin wannan halin ne kwalin taliya ya iso. Na tambayi ƙanwata me ya sa take ganin wannan ɗan bututun zai yi abin da likita da waya suka kasa. Ta ce ta san ni farin sani, ba na jin maganar ƙararrawa amma ina jin kunyar ido, don haka ta yi mini abin da yake da ido. Ta kuma gargaɗe ni cewa idan na bar shi a lanƙwashe ya daɗe, magana zai yi. Ban yarda ba sai da ta tafi. Ina tsakiyar buga aikin wani ɗalibi, na nutse, sai na ji muryar ƙanwata raɗau a gefen hannuna: "Yaya, miƙe bayanki." Na waiga ƙofa ina neman ta. Ashe muryarta ta sa masa. Idan na yi kunnen ƙashi, can sai ya ce, "Yaya, don Allah." Idan na ƙara sharewa, ya saki na ƙarshen da wata irin shagwaɓa da na sani tun tana goye: "Yaya, ni fa na gaji." Lokaci-lokaci kuma sai ya yi miƙa yana juya kai hagu da dama, alamar in tashi in zaga shagon.

Kafin mako ya zagayo labari ya cika layinmu. 'Yan acaɓa suna ajiye babura su leƙo. Ɗalibai suna kawo takarda ɗaya a yi musu fotokwafi don kawai su samu dalilin shigowa. Manyan mutane masu gemu suna roƙona in ɗan tashi su zauna, su ranƙwafa da gangan su ga ya bi su, su miƙe ya miƙe, su fita suna tafa hannu. Wani ɗan kasuwar Ɓaɓura ya ce a yi masa guda ya kai shagonsa na bakin iyaka, ya ce ko da sefa ne zai biya. Bafulatanar da ke kawo mini fura da nono ta daɗe tsaye da ƙwaryarta a ka tana kallonsa, sannan ta taɓe baki ta ce ai wannan ɗan sa-ido ne, ba ya da aiki sai lura da zaman mutane. Sunan ya bi shi har yau. Ni kuwa bakina har kunne, duk wanda ya tambaya sai in ce ƙanwata ce ta haɗa shi, uwa ɗaya uba ɗaya, a nan Kazaure, da hannunta.

Ba kullum muke shiri da shi ba. Ranar da aiki ya yi mini yawa, wuta ba ta da ƙarfi, mai takarda yana tsaye a kaina, sai shi ma ya ƙara da nasa. Akwai ranar da na fusata na yafa masa mayafi na ce ya je ya kai ƙarata. Na ci gaba da bugu a duƙe ina huci. Amma fa na san yana ƙarƙashin mayafin nan, kuma raina ya ƙi kwanciya, kamar na kulle yaro a ɗaki. Ban kai ƙarshen shafin ba na yaye mayafin, na gyara zama, na ce masa to ga ni. Ya taso da koren idonsa yana rawar kai, ba riƙo ba gaba. A haka a haka kafaɗuna suka fara tuna inda Allah ya ajiye su tun farko. Na sa bulo biyu a ƙarƙashin kwamfutar ta taso daidai idona, na cusa ɗan matashi a bayan kujera. Ɗankwalin ƙugu ya koma aikinsa na ɗaurin kai.

Ranar da na yi ruku'u ba tare da na dafa bango ba, azahar ce, a bayan injin fotokwafi inda nake shimfiɗa sallayata. Na sunkuya ina jiran sukar da na saba ji, ba ta zo ba sai ɗan nauyi. Na ɗago, na yi sujada, na tashi da ƙafafuna. Da na sallame na zauna ina hawaye ina dariya. Na kira ƙanwata tana cikin aji, ta fito da gudu ta ɗauka wani abu ne ya faru, na ce mata ba komai, sallah na yi a tsaye. Na ji daɗi a ranar irin daɗin da ban san yadda zan kwatanta shi ba.

Aibinsa ɗaya ne, kuma babba. Ba shi da tarbiyya. Idan babba ya shigo shago, dole in sunkuyar da kai in ranƙwafa in gaishe shi, gaisuwar manya kuwa ba a gaggauta ta. Shi ɗan sa-ido bai san bambancin ladabi da lalaci ba. Wani dattijon unguwarmu ya shigo da takardar gayyatar ɗaurin aure, na duƙa a kujerata ina amsa masa ya gida ya iyali, sai na ji, "Yaya, miƙe bayanki." Dattijon ya yi kamar bai ji ba, ni kuwa na so ƙasa ta tsage. Na kai ƙara wajen mai shi, ƙanwata. Ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce littattafan da ta karanta ta haɗa shi, waɗanda suka rubuta su ba sa duƙa wa kowa, shi ya sa abin bai zo mata a rai ba. Ta yi alkawari idan ta gama jarrabawa za ta sa masa maɓallin gaisuwa a gaba, in danna ya yi shiru na ɗan lokaci. Kafin nan, in ji ta, in dinga kashe shi ta baya. Ni ma na yanke shawarata. Ranar da Baba zai zo, kashe shi zan yi, in mayar da shi kwalinsa, in tura ƙarƙashin tebur. Ina neman a bar mini shago, ba zan haɗa surukina da abin da ba ya ganin girman kowa ba.

Abin da na manta shi ne, irin su Baba ba sa faɗin ranar zuwa.

Da hantsi ne, gero ya kai gwiwa a gonakin bakin hanya, ina buga katin biki ina 'yar waƙata. Na ji sallamar maigidana, wanda a sanina yana makaranta, na ɗaga kai sai na ga sanda ta fara shigowa. A bayanta Baba ne. Tela ne shi a zamaninsa, ya yi shekaru yana ɗora keken ɗinkinsa a mota yana bin kasuwannin Gwiwa da Roni da Ɓaɓura, yanzu ya bari. Tun da na san shi a ranƙwafe na san shi, bayansa ya yi baka, idan zai kalli mutum sai ya karkata kai ya kalle shi ta ƙasa. Ban taɓa tambayar dalili ba, na ɗauka tsufa ne. Gaskiya ma na fi sanin takalmansa a kan fuskarsa, don tun da aka kawo ni gidansu ban taɓa haɗa ido da shi ba.

Jikina ne ya yi abin da aka koya masa kafin hankalina ya iso. Na zabura na tashi, na kakkaɓe kujerata da gefen mayafi, na juya masa ita, don ita ce kujerar kirki a shagon, ba zan zaunar da shi a bencin ɗalibai ba. Ya zauna. Na durƙusa can gefen injin fotokwafi, kai a ƙasa. Maigidana ya tsuguna a bakin ƙofa, shi ma kai a ƙasa. Muka shiga gaisuwa. Ya hanya, ya mutanen gida, ya damina, ya aka ji da noma, ya jikin naki, da sauƙi Baba, Allah ya ƙara sauƙi. Ina cikin cewa amin na ji 'yar ƙarar nan kamar ta sauro.

Na saci kallo ta ƙasan ido, na ga ɗan sa-ido yana lanƙwashewa gaɓa bayan gaɓa, idanunsa sun yi rawaya, yana fuskantar Baba. Maɓallin kashe shi yana bayansa. Kafin in kai gare shi sai na miƙe tsaye a kan surukina, na zura hannu ta gaban fuskarsa, abin da ko da wuta ce ta kama teburin sai na yi tunani kafin in yi. Na harari maigidana ina masa alama da ido. Shi ma ya ga abin da na gani, amma ya ƙara dunƙulewa a inda yake kamar an dasa shi. Na fara addu'a a zuci ko batirin zai mutu.

"Yaya, miƙe bayanki."

Baba ya karkata kai ya dubi ƙofa, ya dubi bayan injin, ya tambaya wace ce ke magana. Maigidana ya fara wani bayani a cikin maƙogwaro wanda ko ni da na san zancen ban gane ba. Bai kai ko'ina ba muryar ta sake fitowa, "Yaya, don Allah." A nan Baba ya gano inda take fitowa. Ya daɗe yana kallon ɗan abin da ke gabansa, wanda ya yi baka daidai irin tasa, kansa a karkace kusa da tebur. Ya tambaya ko kwaikwayonsa yake yi. Na ce a yi haƙuri Baba, ba shi da hankali, na'ura ce. Ya ce ba abin da ya tambaya ke nan ba. Dole na yi masa bayani, ido a kan takalmansa: ƙanwata ce ta haɗa shi saboda bayana, duk wanda ya zauna a kujerar yana bin zamansa, idan an miƙe ya miƙe, idonsa ya koma kore.

Na jira faɗa, ban ji ba. Ƙarar sanda na ji an jingine ta a bango. Na ɗan ɗago. Baba ya kama bakin teburin da hannu biyu, ya fara ɗaga ƙirjinsa. Ɗan sa-ido ya motsa, ya taso kaɗan. Baba ya ƙara yunƙurawa, ina jin numfashinsa, jijiyoyin hannunsa sun fito. Ɗan abin ya ƙara tasowa, ya zo rabi, ya tsaya a nan, idonsa rawaya. Suka yi ta kallon juna a haka, tsoho yana rawar jiki. Sannan Baba ya saki, ya koma yadda yake, shi ma ɗan sa-ido ya bi shi ƙasa a hankali. Can sai ga shagwaɓar ƙanwata ta cika shagon: "Yaya, ni fa na gaji."

Baba ya fashe da dariya. Ban taɓa jin dariyarsa ba sai ranar, dariya ce mai yawa har da tari, har maigidana ya taso zai ba shi ruwa, Baba ya ɗaga masa hannu. Ya share ido da hannun riga ya ce wa ɗan abin, "Ni ma na gaji, ɗan nan."

Da dariyar ta lafa sai ya yi magana, ba ni yake kallo ba, teburin yake kallo. Ya ce lokacin da ya fara zama a kan keke dogo ne shi sambal, sai ya sunkuya yake shiga rumfar kasuwa. Ya ce ba rana ɗaya bayan ya lanƙwashe ba, kaɗan-kaɗan ne, ana ɗinki ana hira, kuma babu wanda ya taɓa ce masa ya gyara zama, don duk telolin layin haka suke zaune. Farkon abin da ya fara gagararsa ruku'u ne. Ya ce da ɗansa ya zo masa da labarin ya same ni ina sallah a kan kujera, tuwon ranar bai shiga ba.

"Ba aikinki na ƙi ba, 'yar nan," in ji shi. "Wannan bayan nawa nake gudar miki."

Na ce Allah ya ƙara girma. Ya ɗauki sandarsa ya tashi, ya taka ya zauna a bencin ɗalibai, ya nuna mini kujerar da bakin sanda ya ce in hau ya gani. Na ce Baba a yi mini afuwa. Ya ce in hau. Na dubi maigidana, ya kawar da kai. Ni a kan kujera, surukina a ƙasa da ni a kan benci, ko a mafarki ban taɓa ganin haka ba. Na taso na ɗosana a bakin kujerar, na dunƙule, haɓata a ƙirji. Ɗan sa-ido kuwa me zai yi in ba aikinsa ba, ya fara sauka.

"Ɗaga kanki," in ji Baba. "Ni na ce."

Na gyara zama har bayana ya taɓa matashin. Na buɗe kafaɗuna. Na ɗaga kai. Ɗan sa-ido ya taso sambal, idonsa ya kawo kore, yana rawar kai kamar an ba shi alawa. A lokacin na ga fuskar surukina sosai, karo na farko. Ashe hancin maigidana nasa ne, ashe yana da ɗan tabo a gira. Murmushi yake yi, idanunsa sun yi ja. Ya ce in yi aikin ya gani. Na ɗora yatsu na ci gaba da katin bikin, ina kuskure ina gogewa, shi kuwa ba ni yake kallo ba, idon ɗan abin yake tsaro. Na gama katin, na tura firinta ta fitar, koren bai canza ba.

Baba ya juya wajen ɗansa ya ce a bar mini shagona. Farin cikin da na ji ya sa na nemi zamewa ƙasa in yi godiya, ya buga sanda ya ce in zauna inda nake. Sharaɗinsa ɗaya ne, kada in kashe abin nan saboda kowa, ko shi ne ya shigo. Ya tambaya ko ɗan sa-ido zai iya zama a kan keken ɗinki, don akwai matasan teloli a kasuwar Gwiwa da yake gani a duƙe, ya ce in turo masa ƙanwata su yi magana. Da zai fita ya tsaya a gaban teburin ya kama gefen rigar atamfar nan ya juya, ya tambaya wa ya yi wannan ɗinkin. Na ce mai shi ce. Ya girgiza kai ya ce Allah ya ba ta ilimi amma ya hana ta allura. Ya auna ɗan sa-ido da ɗani, tsayi da faɗi, ya fita.

Suna hawa babur na kira ƙanwata. Na ba ta labarin a birkice, ƙarshe a farko, tana ihu ina ihu, har mai shagon kusa da ni ya leƙo ya ga ko lafiya. Da ta ji inda muryarta ta ce wa Baba ta gaji, sai ta ce ita kam ba za ta iya zuwa Gwiwa ba, kunya za ta kashe ta. Ta je kuwa bayan jarrabawa, ta dawo tana ba ni labarin yadda teloli suka bar kekunansu suka kewaye ta. A hannunta Baba ya aiko da 'yar ƙaramar riga ta farin yadi, da aiki a wuya, ɗinkin hannu. Zaren ya ɗan kauce a wasu wuraren saboda idonsa ya yi rauni, amma ta zauna wa ɗan sa-ido cif.

Ta cika alkawarinta, ta sa masa maɓallin gaisuwa a gaba, ina kuma danna shi idan dattawan unguwa suka shigo, ba kashe shi nake yi ba, shiru kawai yake yi har a gama gaisuwa. Baba ne kawai ba na danna wa. Yanzu duk shigowarsa Kazaure sai ya biyo ta shagon, kuma ya hana ni tashi daga kujerar, bencin yake nufa kai tsaye. Ina gaishe shi a zaune, baya a miƙe, kai a sama, har yau da 'yar kunyata. Shi kuma ba ya amsawa sai ya karkata kai ta ƙasa ya duba idon ɗan sa-ido tukuna. In ya ga kore, sannan ya ce lafiya lau, 'yar nan.